Shafin da Na Bari Fari

Litinin, 1 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Ya tafi. Motar ofishinsu ta iso tun shayi bai huce ba, direba yana ta danna ham kamar mu kaɗai ne a Hayin Banki. Kusan sati uku za su yi suna bin ƙauyuka har bayan Makarfi, suna duba ma'aunan ruwan sama da zurfin rijiyoyi. Watanmu bakwai da aure, wannan ce tafiyarsa ta farko.

Sharhabil. A nan kaɗai nake iya rubuta sunansa ba kunya. A baki Malam nake ce masa. Na taɓa gwada Habibi sau ɗaya kamar yadda ake yi a littattafai, sai ya waiwaya yana neman wanda nake kira.

A wani littafi da na karanta, da mijin zai yi tafiya sai ya bar wa matarsa wasiƙa da kwalbar turare a ƙarƙashin filo. Ni ma an bar mini kwalba, amma a tsakar gida take, cikin tukunyar ƙarfe a kan turke, da mazurari a bakinta. Shi ne ma'aunin ruwan sama. Kullum ƙarfe bakwai in buɗe, in juye abin da ya taru a gilashin awo mai layi-layi, in rubuta. Har sabon littafi mai koren bango ya ba ni, tsohon yana jakarsa. Yana ɗaura takalmi yana ƙara bayani, ni kuwa ina kallon yadda ya karkata hula, rabin maganar ban ji ba.

Ga abin da na riƙe. Ofishinsu za su raba irin masara mai saurin nuna ga yankunan da fari ya kama bayan shuka. Ba sa sa yanki a jerin sai ma'auni biyu na kusa da juna sun shaida kwana goma sha biyar a jere ba ruwa. Ɗaya yana firamaren Rigachikun, Babana ne yake duba shi. Namu ne na biyun. Rabonmu da ruwa tun Alhamis, kuma Baba ya riga ya zuba duk irin da ya ajiye a ƙasa tun tsakiyar Mayu. Malam ya ce Allah Ya sa ma kada a buƙaci shaidar. Na ce amin.

Talata, 2 ga Yuni, bakwai da minti biyar

Kwalba a bushe. Na buɗe koren littafin, shafin fes, layuka sun miƙe gwanin kyau. Tunda ba ruwa, ba abin rubutawa. Na mayar da shi kan kabad. Ranar da aka yi ruwa zan fara masa da lamba mai kyau.

Laraba, 3 ga Yuni, bakwai da kwata

A bushe. Amma na yi baƙo: wani ɗan gizo-gizo ya yi saƙa a bakin mazurarin, daga wannan gefe zuwa wancan. Da rana ta hasko sai zaren ya yi kamar zinariya. Na ɗaga murfin a hankali don kada in ɓata masa aiki, na duba, na mayar.

Alhamis, 4 ga Yuni, ƙarfe bakwai

A bushe. Baƙona yana nan.

Juma'a, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Da safe kwalba ba ko ɗigo.

Yanzu kuwa dariya ce ta hana ni sakat. Anti Kaltume, maƙwabciyata da muke gida ɗaya, wadda take ara mini littattafai, ta je Doka wurin tela. Ta dawo sharkaf, hijabi ya manne mata, takalmi a hannu. Wai can ruwa ake tafkawa har kwatoci sun cika. Da ta sauka daga keke a Kawo ƙasa a bushe ƙayau, mutane suna kallonta kamar wadda ta faɗa kogi. Wani mai lemo har sannu ya yi mata.

Na fita ƙofar gida na hango hadarin, baƙi wuluk ta wajen kudu, ya tsaya cak kamar an ja masa layi. Mu nan rana ce. Har ƙamshin ruwan iska ta kawo mana, ban da ruwan. Na daɗe a tsaye ina shaƙa.

Asabar, 6 ga Yuni, bakwai da minti goma

A bushe. Jarumar littafina ta gano wanda yake aiko mata da wasiƙu direban gidansu ne. Tun shafi na talatin na sani.

Lahadi, 7 ga Yuni, ƙarfe goma

Na duba ƙarfe bakwai, babu. Baba ya bugo waya. Ya tambayi lafiyata, da ta Malam, da ta maƙwabta, da ko kajin Anti Kaltume sun fara ƙwai, kafin ya zo kan masara. Ya ce da safe tana nan lafiya, da rana ta take sai ganyen ya nannaɗe. Ya ce ba komai, Allah Yana sane. In Baba ya ce ba komai sau biyu a waya ɗaya, to akwai komai. Yau sau uku ya faɗa.

Litinin, 8 ga Yuni, ƙarfe bakwai

A bushe.

Talata, 9 ga Yuni, bakwai da rabi

Na ɗan makara, wuta suka kawo da asuba na tsaya guga. A bushe dai. Na goge rigunansa duka har da waɗanda ba su yamutse ba. Gidan ya yi shiru, amma shiru mai daɗi, irin wanda mutum yake jin motsin darbejiya. Ina son gidan nan. Ina son tagar da ke kallon gabas, da famfon da ke ɗiga, da yadda filonsa bai daina ƙamshin man gashinsa ba.

Laraba, 10 ga Yuni, bayan magariba

Safiya: a bushe, saƙa na nan.

Malam ya samu sabis ya kira, mun yi kusan minti ashirin. Na so ya ce ya yi kewata. Abin da ya ce shi ne sun zura igiyar awo a wata rijiya sun tarar ruwan ya ja baya da fiye da tsawon mutum in aka gwada da bara, alhali ƙauyen da ke gaba da su kaɗan gonaki sun yi kore shar. Ya ce haka fari yake, ba ya rufe ƙasa gaba ɗaya kamar bargo, tsalle yake yi. Na ba shi labarin Anti Kaltume, ya yi dariya. Ya ce wannan ruwan na Doka zai iya ja mana matsala. Taswirar da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, gida-gida take raba ƙasa, manya-manya, kuma da Doka da mu da Rigachikun duk gida ɗaya muka faɗa. In gefe ɗaya ya jiƙe, sai ta shafa wa kowa launi ɗaya. Shi ya sa ake buƙatar mai tsayawa a ƙasa ya buɗe kwalba da hannunsa.

Ya ce, "Kina dubawa kullum ko?"

Na ce ban taɓa fashi ba. Ya ce Allah Ya yi mini albarka. Daga bakinsa wannan daidai yake da wasiƙa mai shafi huɗu.

Ba shi da tsawon jaruman littafi, kuma yana minshari. Ranar da aka fara kawo shi gidanmu na leƙa ta taga na ce a raina, wannan ai malamin lissafi ne. Yanzu in ya yi shiru a waya ina jin numfashinsa, ba na son a katse.

Alhamis, 11 ga Yuni, ƙarfe bakwai

A bushe. Hadari ya taso da yamma jiya, iska ta watsa shi.

Juma'a, 12 ga Yuni, bakwai da kwata

A bushe. Wani ɗan farin gashin kaza ya maƙale a saƙar baƙona, daidai tsakiya, yana lilo. Na bar masa, ado ne.

Inna ta kira, ta ce Baba ba ya cin abinci sosai, in zo ko ganina zai sa ya sake. Malam ya ce in je. Kwana biyu zan yi.

Asabar, 13 ga Yuni, Rigachikun, bayan azahar

An fita roƙon ruwa da safe. Maza sun tafi filin idi da tsofaffin riguna, mu muna gida muna jin kabbara daga nesa. Baba ya dawo da rigarsa a juye, ya manta bai mayar da ita daidai ba har ya zauna cin abinci. Ba wanda ya gaya masa.

Na bi shi gona. Ban san yadda zan rubuta ba. A littattafai gona kullum kore ce, ana zuwa shan iska. Masarar Baba ta tsaya iya ƙauri, ta yi fari-fari, wasu kunyoyin an rasa ma inda aka shuka. Ya tsuguna ya tona da yatsa har ya kai tsawon tafin hannu, ya nuna mini. Ya ce in aka samu iri mai saurin nuna kafin farkon Yuli za a iya sake shuka a ci. In ya wuce haka, sai baɗi.

A hanyar dawowa ya ce, "Ni ina nawa a makaranta, ke kina naki a birni. Ashe uba da 'ya ne shaidun garin nan." Ya yi dariya, karon farko tun zuwana. Da muka koma ya cinye tuwonsa tas.

Lahadi, 14 ga Yuni, gida, bayan la'asar

Na dawo. Ko jaka ban ajiye ba na wuce wurin turke. Saƙa tana nan yadda na bar ta, ko zare ɗaya bai tsinke ba, farin gashin kazar yana tsakiya yana lilonsa. Kwalba a bushe ƙayau. Baƙona ya yi gadi da kyau.

Litinin, 15 ga Yuni, ƙarfe bakwai

A bushe.

Talata, 16 ga Yuni, ƙarfe bakwai

A bushe. Saura kwana uku. Anti Kaltume za ta yi mini lalle gobe.

Laraba, 17 ga Yuni, bakwai da minti biyar

A bushe. Jarumar ta auri direban, ashe ɗan mai kamfani ne. Na ji daɗi duk da na sani.

Alhamis, 18 ga Yuni, bakwai da rabi

Jiya da yamma an yi yayyafi, bai fi minti goma ba, ko ƙasa bai jiƙa sosai ba. Amma yau akwai ruwa a kwalba. Na juye a gilashi, na durƙusa har idona ya yi daidai da layin kamar yadda ya nuna mini: milimita biyu da ɗigo ɗaya. Na ɗauko koren littafin na rubuta 2.1 a layin sha takwas ga wata da mafi kyawun rubutuna. Ga shi nan shi kaɗai a farin shafi, kamar amarya a ɗaki.

Saƙar ta tafi. Ɗan yayyafin nan ya wanke ta, da ita da gashin kazar. Ban ga baƙona ba.

Juma'a, 19 ga Yuni, sha biyun rana

Safiya a bushe. Dambun shinkafa ya turaru, zoɓo yana firij, lalle ya kama. Ya ce sun wuce Zariya.

Juma'a, bayan magariba

Ya buɗe koren littafin.

Asabar, 20 ga Yuni, da hantsi

Ya rame kaɗan, ya yi baƙi. Ya ci dambun, ya ce ya yi daɗi. Ya kawo mini zuma da kilishi. Ya gyara famfon da ke ɗiga, yanzu gidan ya ƙara shiru. Ƙarfe bakwai shi ya fita wurin turke da kansa. Na ji ƙarar murfin daga kicin.

Ba yau zan rubuta ba.

Lahadi, 21 ga Yuni, bayan azahar

To, bari in rubuta.

Ya daɗe yana kallon shafin. Ya juya baya, ya juya gaba, kamar akwai wani shafi da ya ɓuya. Sannan ya tambaye ni a hankali ina sauran kwanakin. Na ce ai ba a yi ruwa ba. Ya zauna a bakin gado ya cire hula.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ce a aikinsu sifili da fili ba abu ɗaya ba ne. Sifili yana nufin mutum ya je, ya buɗe, ya ga babu. Fili yana nufin ba wanda ya je. Littafin nan yadda yake, abin da yake faɗa shi ne kwana goma sha shida ba a leƙa kwalbar ba. Ya ce ya gaya mini ranar tafiya, ko sifili ne in rubuta. Na tuna hular da nake kallo.

Na ɗauko biro na ce to ai mai sauƙi ne, yanzu zan cike. Ya ɗora hannunsa a kan shafin.

Ya ce, "Aziza, na yarda kin duba. Amma in na bari aka cike yau da sunan ranar aka rubuta, gobe wani zai cike nasa yana zaune a shago, ni kuma ba ni da bakin hana shi. Shekara shida ina hana mutane wannan."

Na ce, "Masarar Baba ce fa."

Ya ce ya sani. Ya ce tun daga Zariya ita yake tunani.

Daga nan ba mu ƙara maganar ba. Ya taya ni tsince shinkafa, abin da bai taɓa yi ba, kuma bai iya ba.

Litinin, 22 ga Yuni, bayan la'asar

Malam ya kai wa shugabarsu, Hajiya Mardiyya, littattafan awon biyu. Littafin Baba ya cika, kwana goma sha tara ba ruwa, ko ɗaya bai tsallake ba. Amma ma'auni ɗaya ne, kuma mai duba shi yana cikin masu jiran irin. Taswirar sama kuma ta nuna yankinmu ya samu ruwa ranar biyar ga wata, kamar yadda Malam ya yi tsoro. Ta ce ba ta ƙaryata kowa ba, amma ba za ta sa hannu a kan shaida ɗaya ba. Alhamis za a rufe jerin.

Baba ya kira ya tambaya ko an kai takardu. Na ce an kai. Ban yi ƙarya ba.

Na buɗe sabon littafin da Anti Kaltume ta ara mini, na karanta shafi ɗaya sau uku, na ajiye.

Talata, 23 ga Yuni, sha ɗaya na safe

Muna wanki da Anti Kaltume na gaya mata duka. Ta ce maza da ƙa'ida sai Allah. Ta ci gaba da cuɗa zane, sai ta tsaya ta dube ni.

Ta ce, "Ke amarya, wancan ɗan littafin naki da kike ɓoyewa a cikin buhun shinkafa fa? Ke da har ranar da na faɗa ruwa a Doka na san kin rubuta ni?"

Ban san ta san inda nake ɓoye shi ba.

Na shiga ɗaki na karanta daga farko. Yana nan. Kowace rana da lokacinta, a bushe, a bushe, a bushe, ranar aka rubuta, ba yau ba. Sai dai na ƙirga: kwana uku da Malam ya rubuta a tsohon littafinsa kafin ya tafi, da nawa daga biyu zuwa sha biyu ga wata, goma sha huɗu ke nan. Sai safiya biyu da na yi a Rigachikun. Saura kwana ɗaya a kai sha biyar, a nan igiyar ta tsinke.

Kuma akwai maganar minshari. Akwai malamin lissafi. Akwai filo.

Talata, bayan la'asar

Na ba shi. Na ce ya karanta a waje, ba a gabana ba. Ya zauna a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, ni ina leƙe ta tagar kicin, albasar da na yanka ta isa girkin biki. Na ga inda ya tsaya ya taɓa hularsa. Na ga inda kafaɗunsa suka yi rawa. A wani wuri ya daɗe bai juya shafi ba, ban san ko wanne ba ne.

Da ya shigo, abin da ya fara tambaya gizo-gizo ne. Wace rana ya fara saƙar? Ta rufe bakin mazurarin duka? Gashin kazar da na gani Juma'a shi ne dai na Lahadi? Na ce shi ne. Ya ce kwalba ba ta mantuwa: in ruwa ya shiga ranar Asabar, Lahadi zan tarar da shi, don mazurarin ba ya barin rana ta shanye shi da wuri. Ga kuma saƙar da yayyafin minti goma ya wanke, ta kwana biyu ba abin da ya taɓa ta. Ya ce ba shi zai yanke ba, amma abu ne da za a iya kai wa Hajiya ba tare da sunkuyar da kai ba.

Yana fita alwala ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba. Ya ce shi ma ranar da aka kai shi gidanmu ya ga labule yana motsi, ya ce a ransa wannan yarinyar ba ta iya leƙe ba.

Laraba, 24 ga Yuni, ƙarfe uku

Mun je ofishinsu a Doka. Na kwashe safiya ina naɗe shafuka ina maƙale su da allurar hijabi, na bar layukan kwalba kaɗai a buɗe. Littafin ya zama kamar bushiya.

Hajiya Mardiyya doguwa ce mai tabarau, ba ta da saurin murmushi. A bangon ofishinta akwai taswirar jihar, an soka mata ƙananan ƙusoshi masu launi, kowace ƙusa ma'auni ɗaya. Na nemo tamu, shuɗiya ce, kusa da Kawo. Ban taɓa sanin gidanmu yana jikin bangon wani ba.

Ta ce in karanta da bakina, ita tana bin littafin Baba da yatsa. Na karanta rana-rana. Da na zo kan biyar ga wata ta ce in buɗe wannan shafin duka, tana son jin yadda hadarin ya tsaya. Na cire allura na karanta har da mai lemo. Ta ce ranar ita ma ruwan ya tare ta a nan, da ta isa gida Kawo ta tarar ana shanya.

Da muka zo kwana biyun, Malam ya yi bayani, ita kuma ta karɓi littafin ta karanta na Juma'a da na Lahadi da na ranar yayyafi da kanta. Ta tambaye ni me ya sa ban share saƙar ba tun ranar farko, alhali ƙa'ida ce a bar mazurari a tsabtace. Na ce kyau ta yi mini. Ta cire tabarau ta dube ni, ta dubi Malam.

Ta ce ba za a taɓa koren littafin ba, filinsa ya zauna fili. Za a ɗauki hoton layukan nawa a haɗa da rahoton a matsayin shaidar da aka rubuta a ranarta. Kwana biyun kuma za a rubuta awon da aka haɗa aka duba ranar Lahadi, sifili. Amma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, sai kwamiti ya zauna gobe.

Muna fita ta ce, "Ƙanwata, daga yau sifili ma labari ne. Ki riƙa rubuta shi." Sannan ƙasa-ƙasa ta tambaye ni ko direban nan da gaske ɗan mai kamfani ne. Ashe wata allurar ta zame.

Alhamis, 25 ga Yuni, bayan azahar

Suna zaune. Na share tsakar gida sau biyu.

Juma'a, 26 ga Yuni, ƙarfe biyar

Rigachikun tana cikin jerin, da ƙauyuka huɗu na kewayenta. Litinin motar iri za ta je.

Malam bai kira ba, da kansa ya zo da takardar kafin ya wuce masallaci, ya ajiye mini a kan tire kusa da kofin shayi. Na kira Baba. Ya yi hamdala ya daɗe yana yi, sannan ya ce da ma ya gaya wa mutanen gari kada su damu, 'yarsa ba ta wasa da aiki. Na buɗe baki zan gaya masa gaskiya, Malam ya girgiza kai ya yi mini alamar a bari sai an shuka. Zan gaya masa da kaina. Na san zai yi dariya, amma sai masara ta fito.

Lahadi, 28 ga Yuni, bakwai da kwata

Jiya tun la'asar aka fara, ruwa na gaske, mai ƙarar kwano. Ni da Anti Kaltume mun tara duk wani bokiti da baho. Inna ta ce can ma haka.

Yau ƙarfe bakwai Malam ya ɗauki gilashin awo ya fita. Ina kicin ban ji ƙarar murfi ba. Da na leƙa sai na gan shi tsaye kusa da turke, ya goya hannu a baya, yana jira. Na fito. Sai da na juye sau biyu kafin kwalbar ta ƙare. Talatin da ɗaya da ɗigo shida. Ya duba bayana, bai gyara komai ba, ya miƙo mini biro.

Talata, 30 ga Yuni, ƙarfe bakwai

Baba ya karɓi irinsa jiya, yau tun asuba suna gona.

Baƙona ya dawo, ko ɗan'uwansa, har ya ja zare biyu a bakin mazurari. Na ɗauke shi da ganye na kai shi reshen darbejiya, na ba shi haƙuri, na goge mazurarin tas.

Kwalba a bushe. Na buɗe koren littafin, layin talatin ga wata, na rubuta 0.0.